Babi na Shida: Maye da Sitiyari a Hanyoyin Zagga

Idan aka tayar da maganar tuƙi cikin maye a Zagga ko Bagudo ko Ka'oje, tambayar da ake fara jefowa ita ce: ina ruwanmu da wannan, mu da aka hana sayar da giya a jiharmu fiye da shekara ashirin? Tambayar tana da tushe. Tun shekarar 2000 Jihar Kebbi ta bi sahun Zamfara wajen aiki da dokokin Shari'a, kuma baƙon da ya sauka Zagga zai zaga garin bai ga mashaya a fili ba. Duk da haka, wanda ya saba hawa motar haya ko babur ɗin kabu-kabu a wannan yanki ya san akwai ranar da ya dubi idon mai tuƙa shi gabansa ya faɗi. Idon ya yi ja ko ya lumshe, magana tana fita da nauyi, totur kuma yana ƙasa. Wannan babi zai bi abin da ke bayan irin wannan ido, da abin da aka gwada a wasu ƙasashe don hana mai shi riƙe sitiyari, da wanda zai iya yin aiki a nan.

Doka biyu, hanya ɗaya

Ƙaramar Hukumar Bagudo ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin. Ta Tsamiya ana fita Segbana, ta Lolo ana nufar Malanbil, ban da ƙananan hanyoyin daji da masu babur suka fi kowa sani. Hausawa da Fulani da Dandawa da Busawa suna zaune a ɓangarorin biyu, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna. Abin da ya bambanta shi ne doka. A Benin sayar da giya halal ne a idon hukuma, daga ta kwalba zuwa cukutu na dawa, ɗan'uwan burkutu, zuwa sodabi da ake tacewa daga bammi. Wanda ya sha a can yana iya hawa babur ya kwana a nan.

Sai kuma barasar leda, wadda ƙaramcinta ya sa take shiga aljihu ba a gani. Hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta sanar da haramta ta a farkon 2024, aka yi ta ja-in-ja da kamfanonin da ke yin ta. Haramci yana rage yawan masu sha, wannan ba abin musu ba ne. Amma wanda ya ci gaba da sha a inda aka hana yakan sha a ɓoye, a gaggauce, kuma yakan zaɓi mai ƙarfi don kada ya daɗe da ita a hannu. Daga nan sai ya hau hanya.

Abin da maye ke yi wa direba

Tuƙi aiki ne na gani da yanke shawara da motsa ƙafa, duka cikin ƙiftawar ido. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowane sakan, wato fiye da tsawon tirela. Direba mai cikakken hankali yana buƙatar kamar sakan ɗaya tsakanin ganin saniya ta faɗo titi da ɗora ƙafa a birki. Bayan ya taka, motar za ta ƙara jan wajen mita 35 zuwa 40 kafin ta tsaya, idan kwalta ce busasshiya kuma tayoyi da birki suna da lafiya. In maye ya ƙara masa sakan ɗaya kacal, ya ƙara tsawon tirela guda a kan wannan lissafi. A wannan tazarar ne saniyar take, ko yaron da ke kora ta.

Barasa tana rage saurin saƙo tsakanin ido da ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, tana ƙuntata gani ta gefe, tana rikita kiyasin nisa. Mafi muni, tana fara taɓa ɓangaren da ke auna haɗari, shi ya sa mai ita yake jin ya fi kullum iya tuƙi a daidai lokacin da ya fi kullum kasawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba ƙasashe shawarar kada su bari direba ya wuce giram 0.05 na barasa a kowane mililita 100 na jini, sabon direba kuma 0.02. Hanta ce ke fitar da ita, a hankali, kimanin giram 10 a awa, ta yadda babbar kwalba ɗaya takan ci kusan awa uku. Goro da shayi mai kauri da watsa ruwan sanyi suna buɗe ido, ba sa ƙara wa hanta sauri.

Ƙwayar da ba ta da wari

A ƙasar Hausa, mayen da ya fi yawa a bakin sitiyari ba ya fitowa daga kwalba. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, mai ɗauke da kwanan 2018, ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a shekarar da ta gabace shi, ban da giya da taba. Miliyan 10.6 wiwi suka sha, miliyan 4.6 kuma magungunan kashe zafi irin su tramol da kodin. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, kwana ɗaya ko biyu bayan wani rahoton BBC da ya nuna ɓarnarsa a Kano.

Tramol ya fi shafar masu tuƙi, kuma yana da kyau a fahimci dalili. Magani ne na gaskiya, likita yana rubuta shi don ciwo mai tsanani, kuma abin da aka amince da shi a Najeriya shi ne miligiram 50 da 100. Wanda ke yawo a tasha da bakin kasuwa sau da yawa 200 ne ko 225 ko 250, mafi yawansa daga Indiya, ta tashoshin ruwan Afirka ta Yamma, har da na Kwatano, sannan ya hauro arewa ta hanyoyin da shinkafa da fetur ke bi. Da Indiya ta tsaurara dokarsa a 2018, sai 'yan kasuwar suka koma ga wani ɗan'uwansa mai suna tapentadol, wanda ake haɗawa da maganin saki jijiya, kuma a tasha har yanzu tramol ake ce masa.

Wanda ya haɗiyi tramol da farko yakan ji gajiya ta tafi, ciwon baya ya lafa, zuciya ta yi fari. Wannan ne ya sa manomi a fadamar shinkafa da lebura da ɗan kabu-kabu suke kiransa maganin ƙarfi, kuma da yawansu ba su ɗauke shi kayan maye ba. Mutumin da ba zai taɓa kai giya bakinsa ba, wanda ba ya wasa da sallar jam'i, yana iya jefa ƙwaya biyu cikin shayin safe bai ji ya yi wani laifi ba. Amma bayan wannan ɗaukewar gajiya akwai jiri da gyangyaɗi da nauyin hannu. Kuma idan aka sha da yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ba gargaɗi, ko ga wanda bai taɓa yin ta ba. Likitoci ba sa wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum. Ƙwaya biyu na 225 sun riga sun haye wannan. Direban da jijjiga ta kama a kan gadar Tuga da fasinja goma a bayansa ba shi da sakan ɗaya ma da za a yi lissafi da shi.

Akwai kuma masu haɗawa: tramol da rana don aiki, diyazefam ko roci da dare don barci ya samu, wiwi a tsakani. Maganin barcin ba ya gama fita daga jiki kafin asuba, sai mutum ya tashi da sauransa ya ɗora wata ƙwayar a kai.

Me ya kai shi sha?

Yawancin direbobin haya ba su ne masu motar ba. Akwai balas da za a kai wa mai ita kowace rana ko kowane mako, akwai kuɗin tasha, akwai na shingaye a hanya, akwai fetur wanda kuɗinsa ya ninka tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023. Abin da ya saura bayan wannan duka shi ne cefanen gida. Hanya ɗaya ta ƙara shi ita ce ƙara sawu, ƙara sawu kuma yana nufin rage barci. Masu jigilar kaya ta hanyoyin daji, waɗanda harkarsu ta bunƙasa lokacin da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019, su kuma da dare suke tafiya, a guje, wani lokaci ba fitila, da jarkoki ko buhunan da suka fi ƙarfin babur.

Rashin barci kansa maye ne. Masu bincike a Ostareliya sun nuna a 1997 cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hannunsa da hankalinsa suna yin rauni daidai da mai barasa 0.05 a jini, wanda ya kai awa 24 kuma ya yi daidai da mai ninkin haka. Direban da ya tashi da asuba ya kai ƙarfe goma na dare a hanya ya riga ya shiga wannan hali ko bai sha komai ba. Ƙwayar da zai haɗiya tana ɓoye masa gajiyar, gajiyar kuma tana nan. Duk wani shiri na hana tuƙi cikin maye da bai dubi balas da awannin aiki ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Tsananin hukunci ko tabbacin kamu

Da zarar an yi mummunan haɗari, kiran da ake ji shi ne a tsananta hukunci. Hukuncin kuwa yana nan. A mazhabar Malikiyya haddin shan giya bulala tamanin ne. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sa tuƙi cikin maye a jerin laifuffukanta, ko da yake tarar naira 5,000 da aka daɗe ana aiki da ita yau ba ta kai kuɗin fetur ɗin sawu ɗaya ba. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana da dokoki masu ɗaurin shekaru ga dillalan kayan maye. Abin da ya yi ƙaranci shi ne direban da ya yi imani za a kama shi yau, a wannan hanyar.

Tarihin wasu ƙasashe ya nuna wannan a fili. Norwe ce ta fara kafa iyakar barasa a jini a 1936. Wani Ba'amurke, Robert Borkenstein, ya ƙera na'urar busawa a 1954, wadda ke auna barasa daga numfashi. Da Ingila ta fara aiki da ita a 1967, mutuwa a kan hanya ta ragu da fiye da mutum 1,000 a shekarar farko. Bayan 'yan shekaru sai ribar ta fara zagwanyewa, domin direbobi sun gane cewa da wuya a tsayar da su. Dokar ba ta sauya ba, tsoron ne ya tafi.

Ostareliya ta ɗauki darasi. A Disambar 1982 jihar da birnin Sidni yake cikinta ta fara tsayar da kowane direba a sa shi busawa, ko ya yi laifi ko bai yi ba, a wuraren da ba a sanarwa, tare da shela a rediyo da talabijin. An yi gwaji kusan miliyan ɗaya a shekarar farko, kuma raguwar mutuwar ta ɗore. Wanda aka tsayar sau biyu a shekara, ya kuma ga an tsayar da maƙwabcinsa, ba ya buƙatar a karanta masa doka.

A hanyoyin kan iyaka na Kebbi shingaye ba su yi kaɗan ba: kwastan, 'yan sanda, sojoji, jami'an shige da fice. Sai dai idonsu yana kan kaya da takardu. Kuma shingen da kowa ya san wurinsa, ya san abin da ake miƙawa a wuce, ba ya tsorata kowa. Shinge ɗaya mai motsi wanda ba a sayensa ya fi goma na dindindin.

Na'urar da ba ta ganin ƙwaya

Kwafo tsarin Ostareliya kai tsaye ba zai wadatar ba, domin na'urar busawa barasa kaɗai take gani. Direban da ya haɗiyi tramol uku zai busa ta nuna sifiri. Akwai gwajin yawu, wanda jihar Biktoriya ta Ostareliya ta fara yi a bakin hanya a 2004, amma yana da tsada, kuma an tsara shi ne don wiwi da wasu ƙwayoyin da suka fi damun su can. Gwajin fitsari ya fi araha, sai dai na gama-gari ba ya kama tramol sai an sayi wanda aka yi dominsa, kuma yana nuna an sha ne a kwanakin baya, ba ya tabbatar da cewa mutum a buge yake yanzu.

Abin da ya rage shi ne ido mai horo. Jami'an hanya a Amurka suna da gwaje-gwaje marasa tsada: a sa mutum ya taka layi miƙaƙƙe ya juyo, ya tsaya da ƙafa ɗaya yana ƙirga, ya bi yatsa da ido. Ba su kai gwajin jini tabbaci ba, amma sun isa a ce wa mutum ya sauka ya ba wani makulli. Manufar farko ita ce kada motar ta tashi da shi. Gurfanarwa tana iya biyo baya.

Tasha ta san kowa

Da sassafe ranar kasuwa, tasha tana cika kafin rana ta ɗaga. Mai shayi ya hura wuta, 'yan kamasho suna kiran gari-gari, yaran mota suna ɗaure buhuna a but. Wani direba ya karɓi kofinsa ya juya baya, ya ɓare wani abu daga aljihun gaba, ya kora da shayi. Mai shayin ya gani. Yaron motarsa ya gani, shi ma ya san wajen wanda aka saya, mai ɗan akwatin magani da ke zaune a inuwar bayan rumfa. Mai rubuta layi ya san wannan direban bai kwana gida ba, jiya da dare ya shigo daga doguwar tafiya. Babu wanda ya ce uffan, aka cika mota, aka tashi.

Duk bayanin da na'ura mai tsada za ta nema, mutum huɗu sun riga sun san shi kyauta. Shi ya sa tasha ta fi kowane shinge muhimmanci. Ƙungiyar direbobi ta NURTW da ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu suna da ikon da jami'in gwamnati ba shi da shi: su ke ba da layi, su ke hanawa. Direban da aka cire daga layi yini ɗaya ya yi asarar da ta fi tara, kuma ya yi ta a gaban abokan sana'arsa, nan take, ba sai an je kotu a Birnin Kebbi ba. Irin wannan hukunci mai sauri da tabbas shi ne ainihin abin da ya yi aiki a Sidni. Yana buƙatar shugabannin tasha su yarda su kori mai sayar da ƙwaya daga harabarsu, su riƙa rubuta lokacin shigowar mota don wanda ya kwana a hanya ya huta kafin ya sake lodi, kuma dokar ta hau kan ɗan gidan shugaba kamar yadda ta hau kan kowa. Masu motoci ma suna da hannu: balas ɗin da ba a iya cikawa sai da ƙwaya, mai motar ne zai biya shi ranar da aka jawo ta a murƙushe.

Cire direba daga layi kaɗai bai isa ba. Wanda jikinsa ya saba da tramol, in ya daina farat ɗaya, ciwon gaɓoɓi da zufa da rashin barci da ƙunci suna kama shi har ya koma. Ana rage shi ne a hankali a hannun ma'aikacin lafiya. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato yana karɓar irin waɗannan, amma ya yi wa ɗan kabu-kabun Zagga nisa, kuma sunan wurin kaɗai yana sa mutane ja da baya. Idan ma'aikatan asibitocin kusa suka samu horon wannan aiki, tasha za ta samu inda za ta tura mutum maimakon ta jefar da shi ya koma ɗaukar fasinja a bakin hanya.

Bakin fasinja

A cikin motar da ta tashi ɗin nan, bayan an wuce garke na biyu a guje, wata dattijuwa a kujerar baya ta ce, "Ɗan nan, don Allah sassauta, da marayu na baro gida." Direban ya amsa, "Inna, kwana in ya ƙare ko a kan gado ne sai an tafi." Sauran fasinjoji suka yi shiru, wani ma ya ce a bar shi, ana sauri a riski kasuwa.

Wannan amsa ta direba ta zama ruwan dare, kuma malamai ne suka fi kowa cancantar warware ta. Imani da ƙaddara bai ɗauke wa kowa alhakin abin da hannunsa ya jawo ba. Fikihu ya ɗora diyya da kaffara a kan wanda ya kashe rai ko da bisa kuskure ne, kuma bai karɓi maye a matsayin uzuri ga wanda ya jawo wa kansa shi ba. Malamai sun kuma yi bayani cewa hukuncin abin da ke gusar da hankali ba ya sauyawa don an zuba shi a kwalba ko an dunƙule shi ƙwaya. Huɗubar Juma'a da ta ambaci tramol da sunansa, ta haɗa shi da sitiyari da rayukan da ke bayan direba, za ta kai inda allon gargaɗi na bakin hanya ba ya kaiwa.

A Amurka, ƙungiyar da ta sauya tunanin jama'a kan tuƙi cikin maye wata uwa ce ta kafa ta a 1980, Candy Lightner, bayan wani direba a buge ya kashe 'yarta mai shekara 13 a Kalifoniya. Kafin nan ana ɗaukar abin a matsayin tsautsayi. Bayan 'yan shekaru ya zama abin kunya. A motar haya ta ƙasar Hausa, murya ɗaya ana iya share ta, amma idan mutum uku suka mara wa dattijuwar baya suka ce a tsaya su sauka a mayar musu da kuɗinsu, direba yakan saurara, domin labarin zai riga shi komawa tasha.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mutuwa idan aka auna da yawan jama'a. Da yawa daga cikinsu ba a wurin haɗarin suke cikawa ba. Suna cikawa ne a bayan a-kori-kura ko a kan babur, tsakanin inda aka ɗauke su da asibitin da ke da jini da likitan fiɗa, wanda ga mutumin Zagga sau da yawa yana nufin Birnin Kebbi ko Sakkwato. Babi na gaba zai duba awa ta farko bayan haɗari: yadda ake ɗaga wanda ya ji rauni ba a ƙarasa shi ba, yadda ake tsayar da jini da abin da ke hannu, da dalilin da ya sa mutane ke tsoron kai wanda ba su sani ba asibiti.